Jirgin ƙasa na cikin gari: mene ne shi, kuma Damagaram ta isa ta riƙe nata?

Me zai hana a shimfiɗa wa Damagaram jirgin cikin gari irin na Legas ko na Abuja? Tambayar da ake yawan ji ke nan a fada da tasha tun da hotunan waɗannan jirage suka cika wayoyi, aka kuma samu labarin layin dogon da Najeriya ke ja daga Kano zuwa Maraɗi. Wasu na ganin an sake tsallake mu ne, kamar yadda aka ɗauke fadar mulkin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Wasu kuma na cewa garin da har yanzu mata da yara ke jera jarkoki a bakin famfo, maganar jirgi a cikinsa ɓata yawu ne. Kowa na da hujjarsa. Sai dai gardamar takan watse ba a tantance wane jirgi ake nufi ba, nawa yake ci, kuma wa zai ci gaba da biya bayan an yanke ƙyalle baƙi sun koma gida.

Jirgin ƙasa iri uku ne

Na farko shi ne na dogon zango, mai haɗa gari da gari, yana jan kaya da mutane. Layin Kano zuwa Maraɗi irinsa ne: kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin, an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. Ba zai shigo Damagaram ba, kuma ko da ya shigo, aikinsa ɗaukar siminti da wake da dabbobi ne, ba kai ɗalibi jami'a da safe ba. Mai fataucin Damagaram yana iya cin moriyarsa ta Daura, amma wannan zance ne daban.

Na biyu shi ne metro, babban jirgin birni da ke da hanyarsa shi kaɗai, ko a ƙarƙashin ƙasa ko a kan gada, ba mota ba mutum a gabansa. Alhazanmu sun san shi: jirgin da ke tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a hajjin 2010, mai tsawon kusan kilomita 18 da tasha tara, an tsara shi ya kwashi mutum 72,000 cikin awa guda. Shuɗin layin Legas ma, daga Marina zuwa Mile 2, ya fi kusa da wannan rukuni. Kilomita 13 ne kacal, amma sai da aka haura shekara goma ana gininsa kafin ya ɗauki fasinja a watan Satumban 2023.

Na ukun shi ne batunmu: ƙaramin jirgi, taram. Tsawonsa mita 30 zuwa 45, yana ɗaukar mutum 200 zuwa 300, akasari a tsaye. Wuta yake sha daga wayar da aka rataya a samansa, ta wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke gogar wayar yana tafiya. Layinsa a tsakiyar titi yake ko a gefensa, yana ratsa mararraba tare da motoci, tashoshinsa ba su cika wuce tazarar mita 500 zuwa 800 ba. In an haɗa da tsaye-tsaye, gudunsa bai cika wuce kilomita 20 zuwa 25 a awa ba. Mai kabu-kabu zai wuce shi a hanyar da ba kowa. Amfaninsa ba gudu ba ne, yawan ɗauka ne da rashin maƙalewa cikin cunkoso.

Abin da ke sa birane nemansa

Titi yana da iyaka. Taram guda mai mutum 200 yana ɗauke da abin da adaidaita kusan 70 za su ɗauka, in kowace ta sa mutum uku. A jera adaidaita 70 a hanyar kasuwar Dole a ga abin da zai rage na titi, a kuma lissafa hayaƙi da man da za su sha. A birnin da mutum ke kwashe awa biyu tsakanin gida da wurin aiki, wannan lissafi kaɗai ya isa hujja. Shi ya sa Tunis ta fara nata tun 1985, Rabat ta Maroko da Aljas, babban birnin Aljeriya, suka bi a 2011, Kazabalanka a 2012.

Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Jirgi yana da kyau a hoto. Shugaba ya fi son a gan shi yana ɗaga hannu daga tagar sabon tarago da a ce ya gyara lambatu. Ƙasashen da ke ƙera jirage kuma a shirye suke su ba da bashi, muddin kamfaninsu ne zai yi aikin, a wurinsu kuma za a riƙa sayen kayan gyara.

Adis Ababa: abin da ya biyo bayan bikin buɗewa

Duk mai son fahimtar wannan batu ya tsaya kan babban birnin Habasha, don a can ne aka fara yin irin wannan jirgi a Afirka kudu da Sahara a wannan zamani. An buɗe shi a watan Satumban 2015. Layi biyu ne, ɗaya gabas zuwa yamma, ɗaya arewa zuwa kudu, tsawonsu kusan kilomita 34, tasha 39, jirage 41. Ya ci dalar Amurka miliyan 475, kashi 85 cikin ɗari bashi ne daga bankin Exim na ƙasar Sin, kamfanin Sin ne ya gina, ƴan Sin ne kuma suka tafiyar da shi a shekarun farko.

Mutane sun so shi, har yanzu ma suna cika shi maƙil. Matsalar ba rashin fasinja ba ce. An sa kuɗin tikiti ƙasa ƙwarai don talaka ya iya shiga, abin da ake tarawa bai isa biyan ma'aikata da wuta da gyara ba, balle a taɓa bashi. Sannan tikiti da kuɗin Habasha ake saye, kayan gyara kuwa sai da dalar Amurka, ga ƙasar na fama da ƙarancin kuɗin waje. Jirgi ya lalace, ba a samu kayan gyaransa ba, sai a kwance na wani a sa masa. A haka aka yi ta cin jirgi da jirgi, har ya kai a 2023 waɗanda ke kan layi ba su kai rabin 41 ɗin ba. Jirage sun ragu, jira ya tsawaita, wanda ke sauri ya koma ƙananan bas ɗin da aka ce jirgi zai rage.

Ɗan Damagaram ya san wannan lissafi daga wani wuri. Sayen doki na kwana ɗaya ne. Harawa da dawa da kanwa da mai kula da shi na kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Jirgi yana da abubuwan da ke cinyewa kowace rana: bakin ƙarfen da ke gogar waya yana zaizayewa, ƙafafun ƙarfe suna buƙatar a kai su injin feƙewa lokaci-lokaci don kada su ci layi, ga birki, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga kwamfutar da ke sarrafa injin. Ba ɗaya daga cikinsu da makanikin gareji zai ƙera, komai gwanintarsa, kuma makanikanmu gwanaye ne.

Wani abin da mutanen Adis Ababa ke kuka da shi shi ne shinge. An killace layin a wurare da dama, mashigai suka yi nisa da juna, sai unguwar da a da ake tsallaka titi a shiga ta zama sai an yi dogon zagaye. Mai shago ya rasa rabin masu sayensa ba tare da an rushe masa ko bulo ɗaya ba.

Abuja da Doso

A Abuja matsalar daban ce. An buɗe layin a watan Yulin 2018, bayan kashe sama da dalar Amurka miliyan 800. Ya haɗa tsakiyar birni da filin jirgin sama ta Idu, da wani reshe zuwa wajen Kubwa, amma tashoshi da yawa sun faɗa nesa da gidajen mutane, wasu ko hanyar mota mai kyau ba su da ita. Aka dakatar da shi a 2020 lokacin korona, ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi, sai a watan Mayun 2024 aka sake buɗe shi, bayan an gina hanyoyin shiga tashoshin, aka kuma bar mutane suna hawa kyauta wata da watanni don su saba.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. An buɗe tashar jirgi a Yamai a 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layi na kusan kilomita 140 zuwa Doso, aka yi biki a farkon 2016. Ba a haɗa shi da layin ƙasar Benin da ke gangarawa daga Parakou zuwa Kwatano ba, rikicin shari'a ya shiga tsakani, jirgi bai zama abin hawan jama'a ba. Ba na cikin gari ba ne, amma ƙarfen ya yi shekaru a kwance, kowa ya bi hanyar Doso ya gan shi.

Hujjar masu cewa a yi

Ba a yi musu adalci ba in ba a ambaci Wargala ba. Gari ne a tsakiyar Saharar Aljeriya, mai zafi da rairayi fiye da namu, ba kuma wani ƙaton birni ba ne. Tun watan Maris na 2018 yake da taram, layi guda da bai kai kilomita 10 ba, an kuma ƙera jiragen musamman don jure ƙura da zafin rana. Ke nan yashi da zafi ba su hana. Masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa gara a shimfiɗa layi tun gari bai cushe ba, kafin diyyar rusau ta fi kuɗin ƙarfe. A wannan gaɓa ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Abin da ya kamata a haɗa da labarin Wargala shi ne abin da ke bayansa. Rijiyoyin man Hasi Masa'ud suna kusa da garin, baitulmalin Aljeriya ne ya biya. Ƙasar na da taram a birane bakwai, kamfani ɗaya ke tafiyar da su, akwai kuma masana'anta a Annaba da ke harhaɗa jiragen tana kula da gyaransu. In wani abu ya lalace a Wargala, akwai irinsa a ajiye cikin ƙasa, akwai wanda ya iya sa shi. Damagaram in ta yi nata, ita kaɗai ce a faɗin Nijar, kowane ƙusa sai ya biyo jirgin ruwa da doguwar hanyar mota.

Lissafin Damagaram

A fara da mutane. Ƙidayar 2012 ta ba birnin, da ƙauyukan da ke ƙarƙashin hukumarsa, mutum sama da 320,000. Yau sun ƙaru sosai, ba shakka. Amma jirgi ba yawan mutanen gari yake kallo ba, yana kallon nawa ne ke bin hanya ɗaya, a lokaci ɗaya, kowace rana. In taram mai mutum 200 zai riƙa tashi duk minti goma, mutum 1,200 ke nan a awa zuwa kowane ɓangare. A yini mai awa 16, ko rabin cika yake yi, sai an samu fasinja sama da 19,000 a kan wannan layi kaɗai. In aka ce a rage tashi zuwa duk rabin awa don ya cika, ba wanda zai tsaya a ranar watan Afrilu yana jira alhali ga kabu-kabu na yi masa oda. Gidajenmu kuma na ƙasa ne, gari yana faɗaɗa ne a kwance, tafiye-tafiyen cikinsa gajeru ne kuma a warwatse: Zango zuwa Dole, Sabon Gari zuwa likita, Kara-Kara zuwa tasha, Garin Malam zuwa Birni.

Sai wuta. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Da aka katse ta a watan Agustan wannan shekara, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kowa ya ga yadda aka kwana, har zuwa Maris na 2024. Ko ba takunkumi, lokacin zafi kowa ya san halin da ake shiga. Firji in wuta ta ɗauke yana jira. Taram kuwa tsayawa zai yi cak inda yake, ko da a tsakiyar mararraba ne, da mutum 200 a ciki cikin zafi. Legas sai da ta tanadar wa shuɗin layinta tashar wuta tasa ta kansa. Duk wanda ya kawo maganar taram a nan, to ya kawo ta tare da kuɗin tashar wuta.

Kuɗin fa? In aka raba na Adis Ababa, kowane kilomita ya tashi kusan dalar Amurka miliyan 14. A kan canjin sefa 600, miliyar 8 da ɗoriya ke nan. Layi mai kilomita 10 ya haura miliyar 80, a farashin 2015, ba a sa diyya ba. Da wuya a samu jirgin cikin gari a duniya da tikiti ya mayar da kuɗin gininsa, da yawansu ko kuɗin tafiyarwa sai an cika musu. A Faransa, inda taram ya yawaita, akwai haraji na musamman da duk ma'aikata mai mutum 11 zuwa sama ke biya kan albashi don sufurin gari. Mu da akasarinmu ƴan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, ba takardar albashi, daga wace jaka magajin gari zai ciro cikon duk wata?

Ƙasar garin ma tana da magana. Damagaram a kan dutse take, wanda shi ne tushen wahalar ruwanmu, don haka zancen haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa a ajiye shi. Lungunan Birni ba sa ɗaukar layi sai da rusau, ginin ƙasa ne mai tarihi, mun kuma ga yadda ruwan watan Satumban 2024 ya kayar da tsohon masallacin unguwar. Layin taram na cikin titi yana da ɗan siririn kwari da bakin ƙafar jirgi ke bi. Duk wanda ya ga yadda yashi ke rufe kwalta bayan ruwa ɗaya na watan Agusta ya san abin da zai sami wannan kwari. Sai an bi shi da shara kafin jirgin asuba ya fito, musamman a wurin da layi ke rabuwa, inda tsakuwa guda ke iya hana ƙarfe komawa mazauninsa. Lambatu na gaba da jirgi.

Talaka, mai kabu-kabu da mai adaidaita

A ɗauki mai sayar da tattasai da ke fitowa daga bayan gari da buhu biyu. Yau adaidaita na tsayawa a ƙofar gidanta, direba ya ɗora mata kaya, ya sauke ta a bakin rumfarta, in ciniki bai yi ba ma ta ce masa, “Ɗana, sai gobe in cika maka,” ya ce, “Ba komai, Inna.” Da taram, sai ta nemi abin da zai kai ta tasha, ta biya tikiti, ta sauka, ta sake neman mai baro. Biya uku a maimakon ɗaya. Mai rago ana jibi Salla kuwa ba ma za a bar shi ya shiga ba. Wanda zai fi jin daɗin jirgi shi ne ɗalibin jami'ar André Salifou da ma'aikaci, masu tafiya hanya ɗaya kullum da jaka a kafaɗa. Suna da haƙƙi, amma ba su ne mafi yawa ba.

Matasan da ke tuƙa kabu-kabu da adaidaita kuma ba ƙura ba ce da za a share daga titi. Da yawansu babur ɗin na wani ne, kullum sai sun kai kuɗin mai shi kafin su ci. A garin da aikin yi ya yi ƙaranci, wannan sana'a tana riƙe da gidaje masu yawa. Jirgi ba zai kashe ta gaba ɗaya ba, don sai an kai mutane tasha an kuma kwaso su. Abin da zai ƙwace musu shi ne babbar hanya, inda ciniki ya fi kauri. Bashin kuwa kowa zai biya, har da manomin Tanut da na Magarya da ba za su taɓa hawa ba.

Abin da za a iya farawa ba tare da bashin miliyar 80 ba

A ganina Damagaram ba ta kai lokacin taram ba, amma ta kai lokacin shirya masa wuri. Hukumar birni ta zaɓi manyan hanyoyi biyu, wadda ta ratsa gari daga hanyar Yamai zuwa ta Mirya, da wadda ta fito daga hanyar Tanut ta yi kudu, ta ƙayyade faɗinsu a takarda da kuma a ƙasa, ta hana gini da yankan filaye a ciki. Shirin gyaran gari na Zinder Saboua na 2018 ya gyara wasu manyan tituna. Abin da ya rage shi ne a tsare gefensu kada shaguna su sake cinye shi. Wannan ba ya bukatar dalar Amurka ko ɗaya, yana bukatar hukumar da ba ta sayar da filin da ta hana wani.

Sannan a ƙirga. Ɗaliban jami'a na iya tsayawa a mararraba goma, mako guda a rani, mako guda a damina, su rubuta abin hawa nawa ya wuce, da mutum nawa, daga ina zuwa ina. In babu wannan, duk layin da aka zana zato ne, kuma zato ne ya kai tashoshin Abuja daji.

A kan hanyoyin da aka tsare, bas ce za ta fara. Tana shan gazuwal, matatar SORAZ kuwa, mai tace ganga 20,000 a yini tun 2011, tana nan kusan kilomita 50 arewa da gari. Makanikanmu sun san injinta. In layi bai samu mutane ba, gobe a karkata ta wata hanya. In mutane suka yi yawa, a ware mata gefen titi ita kaɗai, kamar yadda Legas ta yi a 2008, Darussalam a 2016, Dakar kuma a 2024 da bas masu batir a kan kilomita 18.

Dakar ɗin ta yi wani abu tun kafin nan wanda ya fi kusa da halinmu. Daga 2005 ta tara masu tsofaffin motocin haya cikin ƙungiyoyi, aka ba su ƙananan bas na Tata bashi, suna biya a hankali, da sharaɗin bin layi tsayayye da yanka tikiti. Masu sana'ar ne suka zama masu motocin. Ƙungiyoyin masu adaidaita da kabu-kabu na Damagaram suna da shugabanni, suna da tashoshi, sun san inda fasinja ke fitowa da ƙarfe bakwai na safe fiye da kowane injiniya. Da su ya kamata magajin gari ya fara zama, a fara da layi ɗaya da bas kaɗan, a kuma riƙa bayyana wa jama'a kowane wata mutum nawa suka hau da nawa aka tara.